Gatarin Aradun Inna

A ɗakin mahaifiyata da ke Mamudo akwai wani dutse da na girma ina gani ban taɓa sa masa hannu ba. Baƙi ne mai ɗan ratsin kore, bai fi tafin hannun babba ba, gindinsa a tsuke, bakinsa da faɗi da kaifi. Gatarin aradu muke ce masa. Abin da aka gaya mana shi ne, in aradu ta faɗi da irin wannan gatarin take sarar abin da ta sara, sai ya nutse cikin ƙasa, mai rabo ya tsinta daga baya. Namu wata kakar Inna ce ta tsince shi a gindin kukar da aradu ta tsaga a gonarmu, bayan an zuba nono a wurin. Inna tana ajiye shi a naɗe cikin wani tsohon saƙi, a tukunyar da take adana irin gero. In damina ta kusa sai ta fito da shi ta wanke, ta yayyafa ruwan a kan iri. Ta kan ce aradu ba ta komawa gidan da gatarinta yake.

Dutsen yana da doka guda. Daga uwa yake zuwa hannun 'ya, kuma 'ya ba ta taɓa shi sai ranar da aka yi wa uwarta wanka aka fita da ita. Haka Inna ta karɓe shi, haka uwarta ta karɓa. Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, don haka tun ina ƙarama na san wata rana zai zo hannuna, na kuma san wace rana ce. Shi ya sa ban taɓa ƙaunar dutsen nan ba. Duk shekara in ta fara kwance saƙin sai in tuna ina da aiki a waje.

Ni tela ce a cikin garin Potiskum. Maigidana Bafulatani ne da ya gaji da bin shanu a daji ya koma bin su a kasuwa, dillanci yake yi a kara. Mu kuwa Ngizimawa ne, Inna da yarenmu ta tashi, Hausa daga baya ta tsince ta a bakin kasuwa. Har gobe Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa ya zo ne, kowa ya tafi ne, in ka gyara mata ta ce ai ka gane abin da take nufi.

Rigimar ta taso ne a shekarar da bangon ɗakinta ya tsage. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to na Inna har kaza tana leƙawa. Maginin da muka kai ya zagaya ya buga da ƙafa ya ce gara da ruwa sun cinye gindin, liƙi ba zai yi ba, damina ɗaya mai ƙarfi ta ishe shi. Tun rasuwar Baba ita kaɗai ce a gidan, ga ciwon gwiwa. Ba za ta zauna a gidana ba, don uwa ba ta zama gidan suruki tana da ɗa namiji a raye. Ɗan kuwa yana nan, yayana, har ya gina mata ɗaki a gidansa cikin gari, da fanka da makewayi a ciki don kada ta sha wahalar tafiya.

Yaya rabin rayuwarsa a kan sitiyarin tirela ya yi ta. Da baya ya hana shi tuƙi sai ya kama karatun addini da irin ƙarfin da yake taka mota, ba birki. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya babu mai son Inna kamarsa. Tsoro ne ya cika shi. Ya ce dogara ga dutse ya kare mutum daga aradu shirka ce, kuma ba zai iya kallon uwarsa ta tsufa ta koma ga Allah a kan haka ba. Ranar da muka je ɗaukar ta, da ya ga ta rungumo tukunyar iri, sai ya tsaya a ƙofa ya ce, a gabana, da rantsuwa, wallahi dutsen nan ba zai shiga gidansa ba.

Inna ta mayar da tukunyar inda take, ta zauna ta jawo zogalen da take tsinkewa. Ta ce, "Inda bai shiga ba, ni ma ban shiga."

Daga nan na zama 'yar aike tsakanin kurame biyu. In rufe shago in hau mota zuwa Mamudo in roƙi Inna, in dawo in roƙi Yaya. Na ce masa ya bari ta shigo, a hankali a rabu da dutsen. Ya ce ya rantse. Na ce mata ta bar shi a gidana cikin tukunyarsa, ba zan taɓa ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni ko so nake in gaje ta da ranta. Na yi fushi da su duka biyun, fushi na gaske, har akwai ranar da na ɓata wa wata amarya wuyan riga don hankalina ba ya jikina. Bazara ta yi nisa, zafi kamar a bakin murhu, da yamma kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Duk leƙowar da ya yi sai in tuna tsagar nan da gadon Inna a ƙarƙashinta.

Mafitar ta zo ta inda ban zata ba, ta hannun 'yata ta fari. Ba na kama sunanta, 'yar fari ce, kuma ma ba tawa ba ce sosai, don tun yaye Inna ta ɗauke ta, a Mamudo ta girma. Adda take ce mini har yau, kamar yayarta. Ita ce ta fara zuwa jami'a a zuriyarmu. Haɗa magunguna ta nema, aka ba ta wani karatu mai sunan Turanci da harshena ba ya iya juyawa, wai na tono kayan mutanen da daga cikin ƙasa. Ubanta ya ce mun tura ta ta zama likita sun mayar mana da ita gafiya. Ta yi kukanta ta gama ta tafi. Kafin shekara ta zagayo sai ga shi ba a iya rufe mata baki a kan karatun.

In ta zo hutu, tuwo ma ba ya shiga lafiya sai da labari. A bakinta na fara jin cewa akwai ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, kuma masu bincike suna tono su a gabashin Afirka da cikin hamadar Chadi, suna jera su suna gwada wanne ya riga wanne. Ta ce iyakar abin da aka gano, daga wannan nahiyar tamu mutane suka fara bazuwa, sannu a hankali, a ƙafa, har suka cika duniya. Ta ce Sahara ta taɓa zama kore shar da koguna da dorinar ruwa, tafkin Chadi kuma ya taɓa girma har ya miƙo hannu zuwa wajejenmu, shi ya sa wani makiyayi a nan ƙasar tamu ya je haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a inda yau ko kwaɗo sai da damina. Ubanta ya ce shi dai ya san Fulani daga gabas suka zo. Na ce Ngizimawa ma haka suke cewa, Bolawa ma, Barebari ma. Ya ce to wa aka bari a gabas ɗin ya kulle ƙofa? Ita kuwa ta ce kowa ya yi gaskiya ta wani gefen, babu wanda ya tsiro a nan kamar gamba, kowa tahowa ya yi, bambancin kawai wani ya riga wani sauke kaya.

Ana cikin rigimar bango ta kira ni daga makaranta, ina kan keken ɗinki. Ta ce an shiga da su wani ɗaki da ake adana kayan da aka tono, sai ga irin gatarin Inna cike da akwatin gilashi, manya da ƙanana. Ta san shi, don tana yarinya ta sha tsugunawa kusa in ana wanke shi. Na tsayar da keken na yi salati, na ce wane gari ne wannan da aradu ta yi wa ɓarna haka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ta yi dariya har katinta ya kusa ƙarewa. Da ta samu numfashi ta ce, "Adda, ba daga sama suka faɗo ba. Mutane ne suka yi su da hannu, tun kafin a san ƙarfe. Da su suke sare itace."

Na ce ta rufa mini asiri kada ta kai wa Inna wannan maganar. Amma da na koma kan ɗinki sai abin ya dinga juyawa a raina. In mutum ne ya yi shi, ai kayan aiki ne kamar fartanya, to me Yaya zai ƙi? Sai kuma wani tsoron ya taso. Tsohuwa ta riƙe abu tun daga hannun uwarta, jikarta ta zo da boko ta ce mata duk tatsuniya ce. Na ga tsofaffin da irin wannan ya karya, suka daina magana suka zauna jiran lokaci. Ina son Inna ta bar ƙarƙashin bangon nan, amma ba na son ta fito a karye.

Da ta zo hutu ta fara zuwa wurin kawunta. Bai bari ta yi nisa ba. Ya ce ya ji labarin karatunsu, su ne masu cewa mutum jikan biri ne, kuma shi ba za a wanke masa tsafi da Turanci ba. Ta ce ba haka malamansu suka faɗa ba, maganar ta fi haka tsawo, in yana so wata rana su zauna, amma yau ba ita ta kawo ta ba. Ta roƙe shi abu ɗaya, in ta aiko a kira shi Mamudo ya zo. Ya ce gidan uwarsa ne, ba sai an kira shi ba.

Ashe da shirinta ta zo. A jakarta akwai wani baƙin dutsen rafi, dunƙulalle, da ta ɗauko a inda aka kai su aikin fili. Ta ce a karatunsu ba a tsayawa ga kallo, in ana so a san yadda mutanen da suka yi abu sai a zauna a gwada yin sa da irin abin da suke da shi. Ta tafi Mamudo ta ce wa Inna aikin makaranta aka ba ta, ba ta ambaci gatari ba. Ta nemi dutsen niƙa. Inna ta ce nata na gero ko a mafarki, sai dai wani tsoho da ke bayan ɗaki wanda kaji ke shan ruwa a cikinsa. Ta jawo shi inuwar dogon yaro, ta fara ƙwanƙwasa dutsenta da wani dutsen har ya rage ƙiba, sannan ta zuba yashi da ruwa ta kama gugar sa.

Ni ma na kwashi ɗinkin hannu na bi su, don zama bai kama ni a gari ba. Na tarar hannun yarinya ya yi ruwa, dutse kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Inna na gefe tana ba ta haushi. Ta ce kuɗin makaranta sun tafi a banza, an koya wa ƙawarta niƙa ba gari. Ta ce ko amaryar jiya ta fi ta iya durƙuso. Yarinya ta ci gaba da gugar abinta, ni na san da gangan take ƙara karkata hannun. Inna ta jure, ta jure, ta kasa. Mace ce da ta yi shekarun duniya tana niƙa a kan dutse kafin inji ya zo ƙauye, ba ta iya ganin ana wulaƙanta aikin. Ta ce a matsa mata. Ta ɗora dutsen niƙan a kan turmin da aka kifa saboda gwiwarta, ta gyara zama, ta kama.

Daga ranar aikin ya zama nata. Da safe in ta gama lazimi ta ɗan taɓa, da la'asar ta ɗan taɓa. Ta gano da kanta cewa yashin bakin gona ya fi na tsakar gida ci, kuma in aka juya dutsen ana guga gefe da gefe bakinsa yana fitowa daidai. Jikar tana tsugune tana ɗiga ruwa tana ɗaukar hoto da waya. Ni ina kallon abin yana sake kama a hankali, gindi yana tsukewa, baki yana buɗewa, na ga inda aka dosa, na kuma san Inna ba makauniya ba ce. Sai dai tsokanar ta ragu.

Wata la'asar Inna ta ɗauraye shi ta ɗaga shi a rana ta daɗe tana juyawa. A jikin bakin akwai wasu siraran layuka da yashi ya bari, duk sun kwanta gefe guda. Ta ajiye, ta dafa kafaɗar jikarta ta miƙe, ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar murfin tukunya. Ba lokacin wanke shi ba ne, ban taɓa ganin ta fito da shi haka kawai ba. Ta dawo ta zauna ta kwance saƙin, ta riƙe tsohon a hannun dama sabon a hagu. Jikar ta haska mata fitilar waya a karkace ba tare da ta taɓa ba. Layukan suna nan a jikin tsohon, sun dushe amma suna nan, a kwance gefe guda.

Na ji kamar in tashi in gudu. Na ce a raina shi ke nan, mun kashe ta. Na harari yarinyar, ita ma idonta ya kawo ruwa.

Inna ta shafa bakin tsohon da babban yatsa, ta ce, "Mace ne ya yi wannan aiki. Namiji ba ya da wannan haƙuri."

Jikar ta ce babu wanda ya sani, ko mace ko namiji. Inna ta ce ita ta sani, bayanta ya gaya mata. Sannan ta tambaya ko mai shi ta daɗe da rasuwa. Aka ce mata ta daɗe ƙwarai, tun kafin a kafa garin nan da duk garuruwan da muka sani, sai dai ba za a iya faɗin shekarun ba tunda tsintar sa aka yi, ba a tono shi tare da gawayi ko ƙashin da za a auna ba. Ta tambaya ko tana da 'ya'ya. Jikar ta ce in ba ta da su, ai 'yan uwanta suna da su, kuma ba mamaki jininsu yana yawo a cikinmu ko a cikin maƙwabta. Inna ta gyaɗa kai. Ta ce duk shekarun nan tana jin tsoron abin, tana ɗauka da bismilla tana ajiyewa da bismilla kamar garwashi, ashe na wata baiwar Allah ce da ta zauna a inuwa bayanta yana ciwo. Ta yi 'yar dariya ta ce da ta sani da tuni ta yi mata addu'a.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Daɗi ne ya sa ni, da sauƙin da ya sauko mini a ƙirji. Inna ta ce in rufe mata baki, ba a yi mutuwa ba.

Washegari aka aika wa Yaya. Ya zo da carbinsa da fuskarsa a ɗaure, ya tarar da duwatsu biyu a kan tabarma. Inna ta ce ya nuna mata wanne ne na aradu. Ya duba ya ce ba ya son wasa. Ta ce ɗaya ita ta yi shi da hannunta a kan dutsen kaji, ga 'yar uwarsa shaida, ga kantar aikin a tafinta. Jikar ta ɗauko wani icen da ta riga ta fafe, ta cusa sabon a ciki ta ɗaure da fata. Ta miƙa masa ta nuna masa reshen dogon yaro. Ya karɓa kamar ba ya so, ya sara. Ba ya ci kamar ƙarfe, sai an nace, amma ɓawo ya tashi, farin ice ya bayyana. Ya ƙara sara, ya ƙara, har reshen ya karye. Ya tsaya yana haki yana kallon abin da ke hannunsa.

Sai jikar ta yi masa tambayar da na tabbata ta tanade ta tun daga makaranta. Ta ce a duk yawonsa, ya taɓa ganin irin baƙin dutsen nan mai ratsin kore a ƙasar Potiskum? Ya ce ina, nan ai yashi ne da jan marmara, irin wannan sai an nausa kudu wajen duwatsu, ya sha ganin irinsa a inda suke lodin tsakuwa. Ta ce to haka malamansu suke bin sawun mutanen da. In aka samu dutse a inda ba a haife shi ba, an san wani ne ya ɗauko shi, ko ya yi ƙaura da shi, ko ya bi hannu zuwa hannu ana musaya har ya iso. Ta ce, "Kawu, hanyar da kake bi da tirela, wani ya biyo ta a ƙafa da wannan a jikinsa."

Yaya ya tsuguna. Mutumin da ko kallon dutsen ba ya son yi ya sa hannu ya ɗauka, don dokar ba ta hau kan maza ba, ƙyama ce kawai ta hana shi a da. Ya auna nauyinsa a tafi. Na san abin da yake gani, hawa da gangara da dajin da ke tsakani, shi da ya san hanyar da taya goma sha wani abu. Ya ce ba gada, ba rijiya, ba masauki. Ya ce lallai mutanen nan sun sha hanya.

Amma bai sauka nan take ba, Yaya ne fa. Ya tambayi Inna zancen wankewa da yayyafa wa iri, da cewa yana kare gida. Ta ce wadda ta yi shi ma ba ta kare kanta daga mutuwa ba, balle ta kare wani daga aradu, mai karewa Allah ne, ba yau ta san wannan ba. Ta ce, "Ni ina yi ne don uwata ya yi. In na wanke shi, hannunsa nake tunawa."

Ya sunkuyar da kai. Ina jin a duk wa'azin da ya yi mata bai taɓa tambayar ta dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Da ya ɗago ya ce ya yi rantsuwa cikin fushi, kuma ba zai nemi wata dabara ya zagaye ta ba, zai karya ta ya yi kaffara kamar yadda addini ya tanada. Ya kuwa yi. Matarsa ta dafa shinkafa da miya aka ciyar da mabuƙata a unguwa, duk wanda ya tambayi dalili ya ce masa bakinsa ne ya riga hankalinsa. Ranar tashi Inna ta rungumi kazarta a gaban mota, shi kuma ya sa tukunyar iri a tsakanin ƙafafunsa, da hannunsa ya shigar da ita ɗakin.

Inna ta so ta binne sabon gatarin a gona don wata ta tsinta bayan mun shuɗe. Jikar ta kama kai ta ce za ta rikita masu binciken gaba, su yi ta rubuce-rubuce a kan ƙarya. Inna ta ce ai sai su ma su ci abinci. Da ƙyar aka raba, aka bar wa yarinya ta kai makaranta ta nuna, har yanzu kuma tana cewa in ta gama, gonar nan ta gindin kuka za ta fara nema a ba ta izinin tonawa. Ubanta ya daina ce mata gafiya, sai dai in ba ta nan.

Ruwan farko mai ƙarfi ya same ni a gidan Yaya, na kai wa Inna rigar da na rage mata. Da rana tsaka gari ya yi duhu, aka fara tsawa, yaran gidan suka ruga ɗakinta suka cika gado. Daga baya muka ji cewa a ruwan nan gefen tsohon ɗakin ya zube, amma a lokacin ba mu sani ba, Inna tana ta mitar cewa ruwan famfo ba ya kashe ƙishi kamar na rijiya. Wata tsawa ta fashe kusa, yaran suka ƙanƙame ta. Sai ta jawo tukunya ta kwance saƙin, ta ba su labarin matar da ta zauna a inuwa tana guga, da mutanen da suka taho daga duwatsu a ƙafa. Ni kuwa da na ga saƙin a buɗe, ƙafata ta ɗauke ni zuwa ƙofa kamar yadda ta saba.

Ta ce in dawo in miƙo hannu.

Na ce, "Inna, ai kina nan."

Ta ce, "Shi ya sa. Wancan dokar aradu ne, kuma dutsen ba na aradu ba ne. Karɓi, ina so in ga yadda ya zauna miki."

Na miƙa hannu. Tun ina yarinya nake ƙiyasta wannan lokacin, gida cike da masu gaisuwa, wata tsohuwa ta miƙo mini shi da sanyinsa. Ya fi yadda nake zato nauyi, ya kuma cika tafina daidai. Da ɗuminsa ya zo, ɗumin hannun Inna, tana zaune kusa da ni tana cewa in riƙe da kyau kada in fasa wa ɗanta tayil.